Motar da aka sauke ƙasa tana cin taya: alaimen kawai, boltin kamba, ko koyiloba?

Ƙanena ya shigo gida a Aboabo, nan Kumasi, da taya a kafaɗa, ya yar da ita a tsakar gida ya ce, "Yaya, dubi abin da mutanen nan suka sayar mini." Ta waje tayar lafiya lau, zanenta a cike. Da na mirgina ta na duba gefen ciki, sai na ga wajen faɗin yatsu uku ya suɗe tas, har waya ta fara leƙowa. Wata huɗu ke nan da ɗaura ta. Na ce masa ya bar mai taya ya sha iska, motarsa ce ke jan ƙafa.

Corolla ce ta 2010, irin waɗanda ake kawowa daga Amurka a sauke a Tema. Bayan ƙaramar salla ya kai ta Magazin, unguwar masu gyaran mota a Suame, aka yanke mata sifirin don ta sauka ƙasa, aka cire rim ɗinta mai inci 15 aka ɗaura mai inci 18. Gaskiya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. In ta tsaya a bakin titi da yamma sai ka sake waiwaye. Amma daga ranar da tayar nan ta mutu ya shiga tsakanin shawara uku. Mai faci ya ce alaimen kawai take so, wato daidaita zaman tayoyi. Wani fita, wato bakanike, ya ce sai an sa boltin kamba, mai miƙar da tayar da ta kwanta. Abokansa kuma suka ce ya daina wahala ya sayi koyiloba, shoka da sifirin a haɗe da ake murɗawa a sauya tsayin mota. Ni ba fita ba ne, saye da sayar da mota nake yi, amma na daɗe ina tsaye a kan masu gyara har na san inda kowace shawara take da gaskiya da inda take cin kuɗi a banza.

Sai an san abin da ya sauya a ƙafar motar kafin a zaɓa. Ƙafar mota ba a miƙe take hawa da sauka ba, a kan hannuwan ƙarfe take lilo. In ka sauke bodi, hannuwan sun koma wani zama daban, tayar ma ta bi su. Abu biyu ne ke gocewa. Na farko kamba, wato kwanciyar taya in ka tsaya a gaban mota ka kalle ta. Motar da aka sauke takan yi gwame: saman tayoyin ya matso ciki, ƙasansu ya buɗe. Saukewar milimita 25 zuwa 30 takan ƙara gwamen da rabin digiri zuwa digiri ɗaya, ya danganta da ƙirar ƙafar. Na biyu ana ce masa "to", wato inda tayoyin suka sa gaba in ka kalle su daga sama. In bakinsu ya haɗe ciki, masu gyara su ce to-in. In ya buɗe waje, to-awut.

Kowa gwamen yake gani, don haka shi ake ɗora wa laifi. Amma wanda ya fi cin taya shi ne wanda ido ba ya gani. Lissafin ba shi da wuya. Tayar da ta kauce wa hanya da rubu'in digiri kacal, a kowace kilomita ɗaya ana goga ta a kaikaice wajen mita huɗu da ɗoriya. Daga Kumasi zuwa Ankara kilomita wajen 250 ne. Ke nan kafin ka isa an kankare ta a kwalta fiye da kilomita guda, kamar ana jan buhu a ƙasa. Gwame shi kaɗai nauyi yake tarawa a gefen ciki, yana ci amma a hankali. In ya haɗu da to-awut kuwa, ɗaya ya danne gefen cikin, ɗaya ya goga shi, sai ka ga abin da ƙanena ya yar a tsakar gida. Akwai gwajin da ba ya son kuɗi: shafa tafin hannunka a kan zanen tayar daga waje zuwa ciki, ka dawo da shi. In ta wani ɓangaren santsi, ta ɗayan kuma kana jin kaifi kamar haƙoran zarto, matsalar to ce. In ba kaifi, sai dai zanen yana raguwa sumul daga waje zuwa ciki, gwame ne.

Kafin in shiga zaɓin uku, dole in tsaya a kan rim, don shi ne ke yanke hukunci, kuma shi ne ba a tambaya a kansa sai an riga an biya. A bayan kowane rim akwai lambobi a buge: faɗinsa da inci, da wata lamba bayan haruffan ET. Wannan ita ce ofset, nisan da ke tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke zama a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a kansa, da milimita. Ƙaramar lamba tana turo rim waje. A ce na asali faɗinsa inci 6 ne da ET45, ka sayo mai inci 8 da ET35. Bakin waje ya fito da wajen milimita 35, bakin ciki kuma ya matsa kusa da shoka da milimita 15. A motar da ke tsayinta na asali ƙila ka sha. A wadda aka sauke, tayar tana dab da leɓen madigadi, kuma abin da ya hana ta gogawa shi ne gwamen nan da ya kwantar da samanta ciki. Ka miƙar da ita da boltin kamba, saman ya fito, ramin farko da ka faɗa madigadi ya yanke gefen tayar. An gudu daga gidan gara an faɗa na zago. Shi ya sa nake cewa wanda rim ɗinsa ya yi faɗi da yawa ba shi da zaɓi uku, ɗaya ne ko biyu.

Sai ramin tsakiya. Hob ɗin Corolla irin ta ƙanena milimita 54.1 ne, na Camry 60.1, na Accord 64.1, na Elantra 67.1. Rim na kasuwa kuwa ana yi masa babban rami don ya shiga motoci da yawa, galibi 73.1. In ba a sa zoben da ke cike giɓin ba, da wuya rim ya zauna daidai a tsakiya, sai sitiyari ya riƙa rawa in ka kai gudun 90 ko 100. Na ga wanda ya yi alaimen sau uku saboda wannan rawar. Alaimen ba ya maganin rawa. Rawa ta balansin ce, ko lanƙwasasshen rim, ko rashin zoben nan. Haka ramukan noti: Corolla ɗin nan 5x100 ce, wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 100, Camry da Accord da Elantra 5x114.3, kuma ba a tilasta wa ɗaya shiga ɗaya. Notin ma ba ɗaya ba ne. Na Honda gindinsa zagaye ne kamar ƙwallo, na rim ɗin alminiyon na Toyota shimfiɗaɗɗe ne mai zoben ƙarfe a gindi, na kasuwa kuma mafi yawa mai tsini ne. In ka ɗaure sabon rim da tsohon noti wanda mazauninsa bai dace ba, zai kwance a hanya.

Abu na ƙarshe a kan rim shi ne naman taya, tsayin gefenta. Tayar asali 195/65R15 gefenta milimita 127 ne. 205/55R16 tana da 113. 215/45R17 tana da 97. 225/40R18 kuwa 90. Tsayin tayoyin gaba ɗaya kusan ɗaya ne, tsakanin milimita 625 da 637, bambancin shi ne yawan robar da ke tsakanin rim da bakin rami. Duk wanda ya bi unguwanninmu bayan ruwan Yuni ya san ramin da bai kasance jiya ba yau yana nan, cike da ruwa. Abin da roba ba ta shanye ba, rim da tairod da boljoyin ne ke shanyewa, kuma duka ɗaya mai kyau ya isa ya ɓata alaimen ɗin da ka biya jiya. A ganina inci 17 ne iyakar Kumasi ga ƙaramar mota. In ka samu 205/50R17 ma ta fi, gefenta ya haura milimita 100.

To, zaɓi na farko: a gyara to kawai a bar gwamen yadda yake. Shi ya fi araha nesa ba kusa ba, ba a sayen komai, tairod kawai ake juyawa. Kuma ga mafi yawan mutane ya isa. In saukewar ba ta wuce milimita 30 ba, aka auna gwamen gaba bai wuce digiri ɗaya da rabi ba, kuma hagu da dama ba su bambanta da fiye da rabin digiri ba, a kawo to kusa da sifili, ko ɗan to-in kaɗan cikin abin da kamfani ya rubuta, ka kama gabanka. Tayar za ta ɗan fi cinyewa ta ciki, amma cikin shekara ba cikin wata huɗu ba, kuma in kana sauya musu wuri gaba da baya duk bayan kilomita dubu takwas ko goma ba za ka damu ba. Ɗan gwamen ma yana da amfani, mota ta fi kama ƙasa a kwana. Inda wannan zaɓin ya gaza shi ne in gwamen ya kai digiri biyu ya wuce, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kwanciya. A nan mota za ta riƙa ja gefe ɗaya ko da to ɗinta daidai yake, birki zai rage kamu don tafin tayar bai zauna duka a ƙasa ba, ga bin sawun manyan motoci a kwaltar da ta lotsa, sitiyari yana fizgar hannu.

Bambancin hagu da dama ya kamata a kula da shi sosai a nan ƙasar, don da yawa daga motocin da ake kawo mana sun taɓa buguwa a can, an gyara fuska an fesa fenti. Shoka mai ɗan lanƙwasa ko hannu mai ɗan karkata ba ya nuna kansa sai an hau na'ura. Kada kuma a ruɗe da gangaren titi. A dama muke tuƙi tun 1974, titi kuma ana yi masa doro a tsakiya don ruwa ya sauka gota, saboda haka mota ta ɗan zame dama a hankali in ka saki sitiyari ba cuta ba ce. Wadda ke fizga, ko take hawa hagu, ita ce ke da magana.

Zaɓi na biyu: a sayo abin da zai miƙar da gwamen. A nan sai ka san irin ƙafar motarka, don maganin wata ba ya yi wa wata. Corolla, Camry, Elantra da irinsu, shoka da sifirin a haɗe suke a gaba, an ɗaure gindin shokar da bolti biyu. Boltin kamba yana maye gurbin ɗaya daga cikinsu. Jikinsa ya fi na asali siranta, yana da ɗan tudu a gefe, in an juya shi sai ya tura ƙafar ciki ko waje, ya ba ka digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba shi da tsada in ka gwada shi da kuɗin taya ɗaya. Aibinsa a sirantarsa yake. In ƙarfen ba na kirki ba ne, ko ba a ɗaure shi da ƙarfin da aka rubuta masa ba, rami ɗaya zai juya shi, ka koma inda ka fito ba ka sani ba. Bayan an ɗaure, a ja layin fenti daga kan boltin zuwa jikin shokar. Duk ranar da layin ya rabu ka san ya motsa.

Accord har zuwa ta 2012, da Civic har zuwa ta 2000, ƙafar gabansu hannu biyu ce, sama da ƙasa. Babu inda boltin nan zai shiga. Sai dai a sauya hannun sama ko boljoyin ɗinsa da wanda ake iya tsawaitawa, kuma wannan ya fi tsada, ya fi wuyar samu, sau da yawa sai an yi oda. Irin wannan ƙafar ta fi saurin yin gwame in an sauke ta, musamman ta baya. Mai Accord da ya sauke motarsa sosai ya sa kuɗin hannuwan baya cikin lissafi tun farko.

Baya kuma labari ne daban. Corolla ɗin ƙanena, da Elantra ta 2011 zuwa 2016, tayoyin bayansu a kan sandar ƙarfe ɗaya suke. Ba su da noti ko ɗaya na gyaran alaimen. Daɗin abin shi ne saukewa ba ta cika sauya gwamensu ba. Rashin daɗin shi ne in na'ura ta nuna baya ya kauce sosai, to sandar ce ta lanƙwashe, sai a sauya ta, ko a wasu motocin a cusa siririn ɓallin ƙarfe a bayan hob. Duk wanda ya karɓi kuɗin gyaran baya a irin wannan motar, ka tambaye shi me ya juya.

Magazin ba abin da ba a iya yi, wannan ne alfaharinmu kuma wani lokaci shi ne matsalarmu. Za a ce maka a goge ramin boltin shoka da zarto ya yi tsawo, ba sai ka sayi komai ba. In mai hankali ne ya yi, aka goge kaɗan aka ɗaure tam, yana aiki. Amma in aka kawo maganar hura wa shoka ko hannu wuta a tanƙwara shi, ɗauki makullinka ka tafi. Gyaran gangar Auzinawa ne. Ƙarfen da ya sha wuta ba ya faɗa maka ranar da zai karye.

Zaɓi na uku, koyiloba, shi ne wanda samari suka fi so, kuma shi ne aka fi saye don dalilin da ba nasa ba. Shoka ce da sifirin a haɗe, jikinta da zare, kana murɗawa mota ta hau ko ta sauka. Masu kyau irin su KW, Tein da BC Racing an auna ƙarfin shokar da na sifirin ɗin tare. Wasu suna zuwa da faranti a sama wanda ake zamar da shi a gyara kamba, amma farantin nan a ƙafa irin ta Corolla kawai yake aiki, a Accord mai hannu biyu ba ya taɓa gwame. Abin da koyiloba ke sayar maka shi ne ikon zaɓar tsayi, ƙafa-ƙafa, har ka daidaita motar da ta karkata. Ba ta raba ka da alaimen. Ƙara maka shi ma take yi, don duk ranar da ka murɗa tsayin, to ya goce, sai an sake hawa na'ura. Masu cewa za su ɗaga ta in za su Tamale ko Bawku da salla su sauke in sun dawo, ban taɓa ganin wanda ya yi hakan sau biyu ba. Jar ƙasa da ruwan damina da ƙurar hunturu suna shiga zaren, in ba ana wanke shi ana shafa masa mai ba, kafin shekara ya ciza. Wadda samanta ƙarfe ne zalla babu roba kuma, ƙwanƙwasarta a hanyar da ba kwalta sai ta hana ka jin rediyo. Masu araha marasa suna da ake tallarsu a intanet sun fi yankakken sifirin tauri, kuma in ɗaya ta zubar da mai ba ka da inda za ka samu 'yar uwarta. Araha ba ta ado.

Wanda koyiloba ta dace da shi: mai mota ta biyu, wanda ya san lambobin da yake nema, yana da kuɗin mai kyau da haƙurin kula da ita. Wanda motarsa ɗaya ce, da ita ake kai yara makaranta, da ita ake zuwa Kejetia, da ita ake ɗaukar Hajiya zuwa biki, sifirin da kamfani ya ƙera don saukewa ya fi masa, irin na Eibach ko H&R, masu sauke mota wajen milimita 25 zuwa 35, a haɗa da shoka mai rai. Na ce mai rai don tsohuwar shoka ba ta jure gajeren sifirin, da wuri take sakin jiki.

Yankakken sifirin kuwa ban sa shi cikin zaɓi ba. Bakin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, hagu da dama ba sa taɓa zuwa ɗaya, in ƙafa ta rataya a rami yana iya gocewa, shoka kuma kullum tana dukan gindinta. Wanda aka gasa da wuta ya zauna ya fi muni, don zai ci gaba da zama yadda ya ga dama. Yin alaimen a kan irin wannan kamar awon hatsi ne da mudun da ke yoyo. Corolla tsakaninta da ƙasa wajen santimita 15 ne tun daga kamfani. Ta ƙanena an zabge mata biyar. Mutum huɗu su shiga, a zo ramp, tudun nan na rage gudu, sai ka ji salansa tana gaisawa da kankare, kuma tukunyar baƙin mai ba ta da nisa da wurin.

Saura inda za a yi aikin, igiya ko kwamfuta. Ban raina masu igiya da tef ba. Akwai wani dattijon masta da na sani wanda zai ja zare a gefen mota, ya auna gaba da bayan rim, ya kawo maka to daidai fiye da yaron da aka bar wa na'ura bai san kanta ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sai dai a motar da aka sauke kana bukatar abin da zare ba ya bayarwa cikin sauƙi: gwamen kowace ƙafa da lamba, kasta (karkatar ƙafar gaba in ka kalle ta daga gefe), da inda tayoyin baya suka dosa. Don haka awon farko a yi shi a na'ura, ƙafa huɗu, a ba ka takarda ko ka ɗauki hoton allon kafin gyara da bayansa. Daga baya in ka daki rami sitiyari ya karkace, mai igiya ya isa.

A wurin na'urar ma kada ka zauna a benci kana latsa waya. Allon yana nuna kore da ja ne bisa lambobin motar da ba a taɓa ba, taka kuwa an taɓa ta. Ja a kan kamba ba lallai matsala ba ne, kore a kan to ba lallai daidai ba ne, in yana can bakin iyaka. Lambar za ka duba. Ka tabbata an gwada iskar tayoyi kafin a fara, an girgiza ƙafafu an ga tairod da boljoyin da bushin da boris ba su da wasa, don ƙafar da ke wasa ba ta riƙe awo. In an kwance hannuwa lokacin sauya sifirin, a sassauta boltin bushin a sake ɗaurewa mota tana zaune a kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba, in ba haka ba robar tana murɗe kullum, ta yage da wuri. Sabon sifirin kuma yakan ɗan ƙara zama, don haka a gyara to sama-sama ranar da aka sa shi, a yi cikakken awon bayan mako ɗaya ko biyu. Motocin Amurka daga na 2012 duk suna da na'urar hana zamewa, wadda ke karanta inda sitiyari yake. In an gama sitiyarin bai zauna a tsakiya ba, ko wuta ta kama a dashbod, aikin bai ƙare ba. Wani wurin ma gadar hawansa ta yi wa motarka tsayi, ka tambaya tun kana waje ko suna da katako, kada bamba ta tafi a banza.

Da muka kai ta ƙanena, allon ya nuna gwamen hagu digiri ɗaya da rabi, na dama ya haura biyu, ga to-awut a duka biyun. Mastan wurin ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Alhaji, wannan ƙafar ta dama ta taɓa shan duka tun can." Ƙanena ya so a sa bolti a miƙar da su a wuce wurin. Na sa yatsa tsakanin taya da madigadi, bai shiga ba. Na ce masa da wannan rim ɗin, ko dai ya zauna da gwame ya riƙa sayen taya, ko ya rabu da shi. Ya yi shiru, ya ce, "Yaya, rim ɗin fa shi ne motar." Sai da muka yi kwana uku muna ja. Abin da ya karya masa gwiwa ba maganata ba ce, lissafin taya ne, da tuna cewa lokacin sabunta takardar lafiyar mota a DVLA, hukumar lasisin tuƙi da motoci, ya kusa, kuma doka tana son zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, nasa kuwa ta ciki babu ko ɗaya.

Ya yi musayar mai inci 18 da mai 17, faɗi inci 7, wanda ofset ɗinsa ya kusa da na asali, aka sa zoben hob da notin da ya dace. Aka zubar da yankakkun sifirin aka sa na saukewa, aka sauya shokokin gaba. Sabuwar shokar dama ta rage bambancin da kanta, bolti ɗaya a wannan ƙafar ya ƙarasa sauran. Aka tashi da gwame digiri ɗaya da ɗan kai a kowane gefe, to kusa da sifili. Koyiloba ba ta shigo lissafi ba.

Abokansa sun ce motar ta tashi, ta zama ta dattawa. Har yanzu a kaikaice yake hawa ramp ɗin bakin layinmu, ko da yake yanzu ba abin da ke taɓawa, hannunsa ne ya saba. Tsohuwar tayar tana kan rufin akurkin kajin Hajiya tana danne kwano.